Jawabin Shugaban Taro a Bikin Rantsar da Shugabannin Masu Sauraron Rediyo, Mile 12, Legas

Mai girma Sarkin Hausawa da 'yan majalisarsa, wakilan sarakunan Hausawa na Agege da Idi-Araba, malamai da limamai, shugabannin kasuwa na ɓangaren kayan gwari da albasa da doya, shugabannin direbobi, iyaye mata, 'yan'uwa Yarabawa masu masaukin baƙi, 'yan jarida, jama'a maza da mata.

Godiya ta tabbata ga Allah, sannan ga shugabanni masu barin gado, waɗanda a zamaninsu aka sasanta rigingimu tsakanin 'yan dako da dillalai, aka yi cigiyar yaran da suka ɓata, aka duba marasa lafiya, aka tallafa wa marayu, aka kuma riƙa kai koken 'yan kasuwa gidajen rediyo. Allah ya saka masu da alheri.

Sababbin shugabanni za su karɓi ragama a lokacin da ake muhawara kan makomar akwatin rediyo kansa, wato ko a ci gaba da tsohon tsari na analog ko a koma dijital. A tsarin analog, wanda ya ƙunshi gajeren zango da matsakaicin zango da FM, murya tana tafiya a iska yadda ta fito, shi ya sa idan tasha ta yi nisa sai a ji ta da shuu, amma dai ana fahimtar magana. Tsarin dijital kuwa yana mayar da murya lambobi irin na kwamfuta, akwatin mai sauraro ya sake haɗa su, don haka ko dai a ji ta tangaram ko a ji shiru ɗungurungum. Amfaninsa a bayyane yake, domin yana rage kuɗin wuta ga tasha, yana kuma ba tashoshi da yawa damar hawa zango guda, abin da ke da muhimmanci a birni irin Legas inda zangon FM ya cika maƙil.

Sai dai ya kamata a warware wani ruɗani. Yarjejeniyar Janeba ta 2006, wadda ta sa wa'adin 17 ga Yuni, 2015, ta shafi kashe talabijin na analog ne, ba ta wajabta wa kowace ƙasa rufe FM ba. A kan talabijin ɗin ma Najeriya ta saɓa wa'adi fiye da sau ɗaya, sai a 2016 aka fara gwaji a Jos, bai kuma iso Legas da Kano ba sai 2021. A ɓangaren rediyo kuwa, ƙasar Norway ta kashe FM na tashoshinta na ƙasa a 2017, amma Birtaniya, wadda BBC ta fara tsarin rediyon dijital na DAB a cikinta tun 1995, har yau ba ta rufe FM ba. Nan gida kuma, Muryar Najeriya ta buɗe tasha a Lugbe da ke Abuja a 2012, mai iya watsa shiri da DRM, wato dijital mai isa nesa, amma akwatin da zai kama shi bai shigo kasuwa yadda talaka zai iya saye ba.

A nan ne maganar take, kuma a nan mai wannan jawabi zai tsaya. Duk wanda ke zancen sauya tsari, to ya fara faɗin wanda zai saya wa mai sauraro sabon akwati. Mai gadin da ke kwana a ƙofar gida a Ketu, da direban da ya ɗauko tumatir daga Kadawa ya kwana biyu a hanya, da ɗan dakon da ke jiran sauke kaya da asuba, duk da ƙaramar rediyo mai batir biyu suke jin labarin gida, tun zamanin da BBC ta buɗe Sashen Hausa a 1957 da Rediyon Kaduna a 1962. Masu cewa waya ta wadatar su tuna cewa sauraro ta intanet kuɗin data yake ci kowace rana, su kuma tuna watan Satumba na 2021, lokacin da aka rufe layukan sadarwa a Zamfara da sassan Katsina da Sakkwato saboda matsalar tsaro, mazauna wannan kasuwa suka kasa jin muryar iyalansu, mutanen ƙauyukan kuwa ba su da kafar jin labari sai rediyo. Saboda haka ana kira ga Hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin da kada ta sa ranar kashe analog sai akwatin dijital ya yi araha daidai da na yau, a gyara na'urorin gajeren zango da matsakaicin zango, a bar tsarin biyu su tafi tare.

Matasan da ke surutu a baya su yi shiru, domin maganar ta shafe su. Haka su ma attajiran da suka yi alkawarin kuɗin sayen filin shirin Hausa a tashar FM suka yi shiru da shi, su sani cewa alkawari kaya ne, kuma ma'aji yana nan zaune da littafinsa, ba za a tashi taro ba sai an ji daga gare su.

Yanzu ana gayyatar babban limami ya matso domin rantsar da sababbin shugabanni. Allah ya taya su riƙo, ya mayar da kowa gidansa lafiya.