Danshin Da Ba Na Shuka Ba

Dattawanmu, malamai, iyaye mata da 'yan'uwa mazauna Manchesta,

Kalma ɗaya ta Turanci na zo da ita yau: damp. Ran da mai gidan hayata ya fara faɗa mini ita, dam na ji, har hankalina ya tafi madatsar ruwan Tiga. Ashe danshi yake nufi.

A can ƙasarmu, danshi alheri ne. Manomi ya tona ƙasa bayan ruwan farko, in ya tarar da laima ta yi nisa, sai ya yi hamdala ya ɗauko iri. Bature kuwa in ya ce tawul ko ciyawa ta yi damp, laima ce kawai. Amma in ya faɗa game da gida, cuta yake nufi. Wani danshin daga ƙasa yake hawa bango, wani ta rufi ko tsagar bulo yake shigowa. Na ukun, ku gafarce ni, da hannunmu a ciki. Tukunyar tuwo na tafasa, miya na kan wuta awa biyu, wanki na shanye a kan hita, taga a garƙame don sanyi. Ina tururin zai je? Sai ya kwanta a gilashi da bango mai sanyi. Ku janye kwaba ku leƙa bayanta: baƙin tabon nan mai warin tsohon buhu, funfuna ce. Nan ba ƙasar hunturu mai busar da zane kafin azahar ba ce.

Kun ji labarin Awaab Ishak, yaro ɗan shekara 2, iyayensa 'yan Sudan, wanda ya rasu a Rochdale, nan kusa da mu, a Disamban 2020. Bincike ya tabbatar funfunar gidansu ce ta lalata masa numfashi, bayan mahaifinsa ya sha kai ƙorafi. Allah Ya sa mai ceto ne. Sanadiyyarsa aka yi dokar da ta tilasta wa masu gidajen hayar hukuma su duba irin wannan ƙorafi cikin ƙayyadadden lokaci.

Don Allah, iyaye mata, a riƙa buɗe taga in ana girki. Wanda ya ga baƙin tabo, kada ya shafe shi da fenti ya ce haƙuri. Ya ɗauki hoto, ya rubuta wa mai gida da kwanan wata, ya ambaci damp ɗin da sunansa. Wanda rubutun Turanci ke ba shi wuya, ya same ni bayan an tashi.