Ginin Jama'a da Ƙarfin Rana: Darasi Daga Dandaji



Abin da wannan lacca za ta duba shi ne yadda ake gina makarantu, asibitoci, masallatai da ofisoshi, da kuma irin ƙarfin da ake tafiyar da su da shi. Kowa ya san halin ajin da aka gina da bulon siminti aka rufe da kwano. Da zarar rana ta take a watan Afrilu, sai ɗakin ya ɗauki zafi, yara su yi ta gyangyaɗi, malami ya ƙagara a tashi. Idan ofis ne, sai a kunna na'urar sanyaya ɗaki, in wuta ta ɗauke a tayar da janareta. Ta haka kuɗin da ya kamata a sayi littattafai ko magani yakan ƙare a wajen sayen mai. Kuskuren kuwa tun ranar da aka zana ginin aka yi shi.

Maginan ƙasar Hausa sun daɗe da sanin maganin wannan matsala. Bangon tubali mai kauri yakan shanye zafin rana a hankali, ba ya sakinsa cikin ɗaki sai dare ya yi, lokacin da gari ya huce. Rufin azara da tulluwa mai bisa kan ba iska mai zafi wurin tashi sama, ƙananan tagogi kuwa su hana rana shigowa. Da wannan ilmi ne Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19. Da shi ne kuma Alhaji Falke Barmu ya gina masallacin Yama a jihar Tawa ta Jamhuriyar Nijar tun daga 1962, aikin da ya sami lambar yabo ta Aga Khan a 1986.

Misalin da ya fi dacewa a tsaya a kansa shi ne na garin Dandaji, shi ma a jihar Tawa. Tsohon masallacin garin, ginin ƙasa, ya tsufa kuma ya yi wa jama'a kaɗan. Masu zanen gini biyu, watau Mariam Kamara ta Nijar da Yasaman Esmaili 'yar ƙasar Iran, suka kawo shawarar a gyara shi ya zama ɗakin karatu, a gina sabon masallaci mai ɗaukar mutum 1,000 a kusa da shi. An kammala aikin a 2018, aka sa wa wurin suna Hikma. Bulon da aka yi amfani da shi na jar ƙasa ne da aka haƙo a kewayen garin aka matse da inji. An tsara ginin yadda iska za ta riƙa ratsawa da kanta, aka kuma yi tankin ƙarƙashin ƙasa mai tara ruwan sama don shayar da itatuwan harabar. Maginan yankin ne suka yi aikin, saboda haka akwai masu gyara a gida duk ranar da gyara ya taso. Irin wannan tunani ne Francis Kéré ya bi a makarantar firamare ta Gando, a Burkina Faso, a 2001, inda ya ɗaga rufin kwano sama da silin na ƙasa domin iska ta kwashe zafin da ke tsakaninsu.

To, sai ginin ya rage wa kansa zafi sannan maganar farantan hasken rana take da amfani. Dalili kuwa a fili yake: na'urar sanyaya ɗaki guda ɗaya tana cin wutar da fankoki da yawa za su ci. Ginin da fanka da fitila suka ishe shi, 'yan farantai da batir kaɗan za su ɗauke shi, har a sami rarar da za ta riƙe firjin allurar rigakafi ko famfon rijiyar burtsatse. Binciken ƙarfin rana ba baƙo ba ne a wannan yanki. Farfesa Abdu Mumuni, haifaffen Tasawa, wanda Jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya shugabanci ofishin binciken ƙarfin rana na Nijar tun daga 1969. Tsakanin 2010 da 2020 kuwa farashin farantan ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100, a 2018 kuma aka buɗe tashar Malbaza mai megawat 7.

Amma akwai sharuɗɗa. Ginin ƙasa yana buƙatar tushe mai ƙarfi, da indararo, da yaɓe a kan kari, in ba haka ba damina ta ci shi. Ƙurar hunturu takan rufe farantai ta rage musu ƙarfi, sai an riƙa goge su. Batir kuma yana da iyakar kwanansa. Duk aikin da aka ƙaddamar ba tare da an ware kuɗin sauya batir da horar da mai kula ba, to, ƙarshensa duhu.

Saboda haka ma'aikacin da takardar kwangila ta zo gabansa ya kamata ya yi tambaya uku kafin ya sa hannu. Ina ginin ya fuskanta, watau an kawar da dogayen bangayensa daga gabas da yamma? Nawa za a kashe wajen tafiyar da shi cikin shekara goma? Wa zai gyara shi idan ya lalace? Ɗalibai kuwa, musamman masu koyon zanen gini da injiniya, ya dace su zauna da tsofaffin magina su rubuta abin da suka sani tun suna raye, su gwada shi a ɗakin bincike, domin ya shiga ƙa'idojin gini na hukuma.