Taswirar Tunani da Wayar Hannu: Yadda Karatu Ke Zama a Kai



An nemi in yi magana a kan rubuta darasi da riƙe shi. Kowa a nan ya san yadda sa'ar darasi take ƙarewa a yawancin ajujuwanmu: malami ya cika allo, yara su kwafe, a buga ƙararrawa. Littafin yaro ya cika maƙil, amma ran jarrabawar WAEC ko NECO sai a tarar karatun yana cikin littafi, bai shiga kai ba. Yanzu kuma wanda ke da waya sai ya ɗauki hoton allon ya huta da kwafar ma.

Mantuwa ba laifin yaranmu kaɗai ba ce. Tun 1885 wani masani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya gwada kansa da haddar gaɓoɓi marasa ma'ana, ya gano cewa mafi yawan abin da ke zubewa yana zubewa ne a sa'o'i da kwanakin farko, kuma bita da ake yi da tazara tana rage wannan asara. Aikinmu ke nan mu nemi hanyar da za ta sa yaro ya koma kan darasi kafin ya ɓace masa.

Ɗaya daga cikin hanyoyin ita ce taswirar tunani, wadda Tony Buzan na Ingila ya yayata a shirinsa na talabijin ɗin BBC a 1974. Yinta ba wuya. A kwantar da takarda a gicciye, a rubuta jigon darasi a tsakiya, a fitar da manyan rassa, kowane reshe da kalma ɗaya ko biyu, sannan ƙananan rassa su tsiro daga gare su. Mu ɗauki darasin adabin Hausa. A tsakiya a sa "adabi". Reshe guda adabin baka, ɗayan rubutaccen adabi. Ƙarƙashin na baka a jera tatsuniya, karin magana, kirari, kacici-kacici. Ƙarƙashin rubutacce a sa zube, waƙa, wasan kwaikwayo, kuma daga zube a ja siririn layi zuwa Ruwan Bagaja na Abubakar Imam. Abin da ya ci shafi uku ya koma shafi ɗaya, kuma yaro yana ganin me ya haifi me.

Sai dai a nan ne ake yin tuntuɓe. Idan malami ya zana taswira a allo yara suka kwafe, kwafa ce dai ta sake riga. A 2011 wasu masu bincike biyu na Jami'ar Purdue a Amurka, Karpicke da Blunt, sun ba ɗalibai rubutun kimiyya. Wasu suka zana taswirar ma'anoni rubutun yana gabansu, wasu kuma suka rufe shi suka rubuta abin da suka tuna. Bayan mako guda, waɗanda suka rufe littafi su ne suka yi zarra. Ƙoƙarin zaƙulo abu daga kai shi ne ke kafa shi. Wanda ya yi makarantar allo ya san wannan: ba a wanke allo sai an biya karatu da ka, kuma tilawa ba ta yankewa.

Saboda haka shawarata ita ce a haɗa biyun. Minti goma na ƙarshen darasi, a goge allo, a rufe littattafai, kowane yaro ya zana taswirarsa daga kai. Daga nan ya buɗe littafi ya cike gurbin da ya bari da biro mai wani launi. Wannan launi na biyu shi zai nuna masa, ya nuna mana, inda rauni yake. Bayan kwana uku a sake, bayan mako biyu a sake. Ko ajin mutum tamanin ne, abin da ake buƙata takarda ce da biro.

To ina matsayin waya da kwamfuta? Suna da amfani wurin ajiya, wurin bincike, da wurin tunatarwa. Manhajoji irin su Google Keep da OneNote suna adana tsarin darasi yadda ruwan sama ko gara ba za su ci shi ba, kuma kalma ɗaya ta isa a nemo bayanin bara. Manhajar Anki kuwa katunan tambaya da amsa take jerawa: wanda ka amsa daidai sai ta jinkirta dawo da shi, wanda ka kasa ta dawo maka da shi da wuri. Inda babu waya ko babu wutar caji, katunan kwali da akwatuna suna yin wannan aiki, kamar yadda Sebastian Leitner ya tsara tun 1972. Malaman fanni ɗaya kuma suna iya musayar taswirorinsu a zauren WhatsApp, kowa ya ga reshen da ya tsallake.

Abin kiyayewa shi ne kada mu ɗauki ajiya a matsayin sani. Hotunan allo ɗari a waya kayan aro ne, kuma kayan aro ba ya rufe katara, balle a ɗakin jarrabawa inda waya ba ta shiga. Iyaye da ke tare da mu, ku ma kuna da rawar takawa: maimakon ku tambayi yaro ko ya yi karatu, ku miƙa masa farar takarda ku ce ya zana muku darasin yau, ya yi muku bayani.

Ina roƙon kowannenmu ya zaɓi aji ɗaya da darasi ɗaya ya gwada wannan a zangon da muke ciki, mu zo da taswirorin yaran taro na gaba mu duba tare.