Suna Ɗaya a Kowace Takarda



Aikina a ofis shi ne kula da rajistar ma'aikata a kwamfuta. Wanda aka ɗauka in buɗe masa shafi, wanda ya yi ritaya ko ya rasu in rufe. Rufewar nan ba a wasa da ita, domin shafin da aka bari a buɗe shi ke zama ma'aikacin bogi, albashi na ta fita.

To, ga inda abin ya shafe mu. Ranar da muka shiga aji ɗaya, da yawanmu sunan gari aka rubuta mana: Magami, Tsafe, Bunguɗu. Da BVN ta zo a 2014, wani ya ba da sunan mahaifinsa, wajen NIN kuma na kakansa. Ita kwamfuta ba ta san mai unguwa ba, balle ya zo ya shaide ka. Mutum uku take gani, sai albashi ko fansho ya tsaya.

Don Allah kowa ya jera takardunsa ya duba suna da ranar haihuwa. In sun saɓa, a yi takardar rantsuwa a kotu, a miƙa wa banki da NIMC tun kafin a kira tantancewa. Malamanmu masu shirin ritaya, ku ya kamata ku fara.