Doguwar Tafiya a Kan Keke: Gargaɗi ga Sababbin Shiga

Yau maganarmu a kan keke ne, musamman ga samarin da ke haɗa ayari su yi doguwar tafiya, kamar daga Dogon Daji zuwa Sakkwato ko Jega, ko su tafi kallon bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka fara tun 1934 sa'ad da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyara can. Hawan keke abu ne mai kyau, yana ƙarfafa zuciya da huhu da ƙafafu. Sabo da amfaninsa ne a 2018 Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa 3 ga watan Yuni ya zama Ranar Keke ta Duniya. Amma zuwa kasuwa daban, wuni a kan sirdi daban. Wanda bai san bambancin ba ya kan ƙare a gadon asibiti.

Abu na farko, a tambayi jiki. Kun ji labarin tseren Faransa da aka fara a 1903, inda a kan yi mako uku ana gudu, da na Burkina Faso da aka fara a 1987. To, waɗannan mutane watanni suke yi suna horad da jikinsu kafin ranar. Kai ma in za ka bi ayari, fara shiri tun da sauran mako shida. Makon farko ka yi rabin awa kowace safiya. Kowane mako ka ƙara kaɗan, ka bar kwana ɗaya ko biyu na hutu. In ka kai ga yin awa uku, ka kwana ka tashi ba ciwon da ya hana ka aiki, ka isa shiga ayari. Tafiya sannu sannu kwana nesa.

Akwai waɗanda lalle su zo ɗakin shan magani a duba su tukuna: mai hawan jini, mai ciwon sukari, mai farfaɗiya, mai amosanin jini, watau sikila, da wanda ƙirjinsa ke ciwo ko numfashinsa ke sarƙewa in ya hau tudu. Wanda ya tashi daga zazzaɓin cizon sauro ko gudawa cikin makon nan, ya haƙura da tafiyar. Jininsa da ruwan jikinsa ba su komo daidai ba tukuna.

Abu na biyu, a duba keke. Kai shi wurin mai gyara tun da sauran kwana uku, don in an sake wani abu ka sami damar gwada shi. A duba birki na gaba da na baya, a sa wa sarƙa mai, a ɗaure duk abin da ya kwance. Ka riƙe famfo da faci da sifana. Ga yadda a ke auna sirdi: ka zauna, ka ɗora diddige a kan feda sa'ad da ta sauko ƙasa sosai. In ƙafarka ta miƙe, sirdi ya yi daidai. Sirdin da ya yi ƙasa shi ne ke kawo ciwon gwiwa. Kada ka sa babbar riga, gama ta kan shiga sarƙa ko taya ta kā da mutum. Sa taguwa mai haske, ka ɗaure ƙafar wando. Hular kwano kuwa ita ce ke tsare kai in an faɗi, wanda ya sami hali ya saya.

Abu na uku, rana. A ƙasarmu daga Maris zuwa Mayu zafi ya kan wuce digiri 40. Lokacin da ya fi dacewa da doguwar tafiya shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ko da ya ke a nan ma sai an rufe hanci da ƙyalle sabo da ƙurar hunturu. Ku tashi da gari ya waye, bayan sallar asuba. In rana ta take, ku sauka a inuwa, kada ku sake hawa sai bayan la'asar. In tafiyar ta faɗo cikin watan azumi, ku ɗaga ta zuwa bayan salla.

Abu na huɗu, ruwa. Mai tuƙa keke cikin zafi ya kan zubad da gumi lita guda a awa ɗaya, wani ma fiye. Iska tana busad da gumin, shi ya sa ba ya sanin yawan abin da ya fita. Kada ka jira ƙishirwa. Ka riƙa kurɓa kaɗan kaɗan kowane kwata na awa. Fitsarinka zai gaya maka gaskiya: in fari ne fes, lafiya, in ya yi ja kamar ruwan shayi, ko ya ɗauke, ruwan jikinka ya yi ƙasa. Gumi kuma da gishiri ya ke fita, sabo da haka kowane ayari ya riƙe ƙunshin gishiri da sukari irin wanda mu ke ba masu gudawa. In babu, a haɗa: ruwa mai tsabta lita ɗaya, sukari ƙaramin cokali shida a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali. Kada a wuce wannan awo.

Ku guji ruwan kududdufi da na tabki. Gaskiya ne an tabbatar Nijeriya ta rabu da kurkunu a 2013, amma kwalara da taifot suna nan. Wanka a tabki kuwa shi ke kawo tsargiya, gama ƙwayarta ta fata ta ke shiga. Ku cika gorunanku a famfo ko rijiyar burtsatse.

Abinci, ka ci tuwo ka ƙoshi daren tafiya. Da safe koko da ƙosai sun isa. A hanya ka riƙe dabino da gyaɗa da ƙuli-ƙuli, ka riƙa ci kaɗan kaɗan. Akwai kuma masu ce muku ku sha ƙwaya, irin su taramol, wai don ƙarfi. Kada ku yarda. Ƙwayar ba ta ƙara ƙarfi, ɓoye gajiya kawai ta ke yi, ta kawo jiri, wani lokaci har ta sa mutum ya faɗi yana shure-shure a tsakiyar titi.

Abu na biyar, dokar ayari. Ku naɗa shugaba a gaba, ku sa wani mai ƙarfi da hankali a baya, wanda ba zai bar kowa a bayansa ba. Gudun ayari shi ne gudun mafi rauni a cikinsa. Tun 1972 hannun dama a ke bi a ƙasar nan, to, ku bi gefen dama, ɗaya bayan ɗaya, da tazarar keke biyu tsakaninku. Wanda ya ga rami ya faɗa da ƙarfi, wanda zai tsaya ya ɗaga hannu tukuna. Titin Sakkwato zuwa Jega na manyan motoci ne, kada wani ya kama jikin mota don ta ja shi. Kada magariba ta same ku a daji. Ku tambayi labarin hanya kafin ku tashi, ku gaya wa mutanen gida inda za ku kwana.

Yanzu ga alamun da ba a wasa da su. In ɗan'uwanku ya ce kansa na sarawa, yana jiri, zuciyarsa na tashi, ko jijiyar ƙafa ta ɗaure, ku sauke shi a inuwa, ku kwance masa tufafi, ku ba shi ruwan gishiri da sukari. Tafiyarsa ta yau ta ƙare. Amma in jikinsa ya yi zafi rau, ya fara sambatu, bai gane ku ba, ko ya suma, wannan bugun rana ne, yana kisa cikin ɗan lokaci. Ku jiƙa shi da ruwa tun daga kai har ƙafa, ku yi ta yi masa fifita, ku tsai da mota a kai shi asibiti mafi kusa, ana ci gaba da jiƙa shi a hanya. Kada a ɗura wa sumamme ruwa a baki, zai shaƙe.

Wanda ya faɗi ya ƙuje, a wanke wurin da ruwa mai tsabta da sabulu har ƙasa ta fita, a rufe da tsumma mai tsabta. Kada a zuba ƙasa ko toka ko man birki. Ya zo a yi masa allurar tetanas, ciwon nan da ke sarƙe haƙora. Wanda ya bugu a kai, sa'an nan ya yi amai ko barci ya riƙa fizgarsa, a kai shi asibiti nan da nan.

Wanda ya sami wannan takarda ya karanta wa abokan tafiyarsa. Mai tambaya kuma ya zo ɗakin shan magani, malamin asibiti zai auna jininsa, ya nuna masa yadda a ke haɗa ruwan gishiri da sukari. Allah ya kai ku lafiya, ya komo da ku lafiya, amin.