Ɗan Wane, Jikan Wane

A ƙasar Ayilan, dangin O'Brien suna danganta kansu da Sarki Brian Boru, wanda aka kashe a yaƙin Clontarf a 1014. Ƙarni bayan ƙarni zuriya na gadon sunan.

Mu a Dakoro da kewaye, namu sunan ba ya zama wuri ɗaya. Yaro ya shiga lakwal, a rubuta sunansa da na mahaifinsa. Ranar da ɗansa ya zo, sunan kaka ya faɗi daga takarda. Fodiyo, laƙabin mahaifin Shehu Usmanu, shahara ce ta riƙe shi. Talaka fa? Abin yana damuna ƙwarai, domin sauran kakanninsa suna bakin maroƙa da tsofaffin gida, su kuwa ba sa rubutawa.