Jawabi Kan Tsara Manazarta Bisa Ƙa'idar Mujalla

Tun da aka buɗe Jami'ar Jihar Gombe a shekarar 2004, aka kuma kafa ta Tarayya a Kashere a 2011, masu rubuta maƙalun ilimi sun ƙaru ƙwarai a wannan yanki. Malamin jami'a kuwa ba ya samun ƙarin girma sai da maƙalun da mujallu suka buga masa. Sau da yawa edita yakan mayar wa mutum aikinsa saboda jerin manazarta bai bi ƙa'idar mujallar ba, ko da binciken ya yi kyau, har lokacin duba ƙarin girma ya wuce shi.

Kowace mujalla da irin tsarinta. Likitan da ke Asibitin Koyarwa na Tarayya a Gombe zai fi haɗuwa da tsarin Vancouver, wanda editocin mujallun likitanci suka tsayar a ƙasar Kanada a 1978, watau a ba kowace madogara lamba bisa ga yadda ta fara fitowa cikin rubutun. Malamin tarbiyya kuma galibi tsarin APA za a nema gare shi, inda ake sa sunan marubuci da shekara. Saboda haka wajibi ne marubuci ya karanta umarnin mujallar tun kafin ya ɗora alƙalami.

A dā aikin nan da hannu ake yinsa, waƙafi bayan waƙafi. Yanzu akwai manhajoji irin su Zotero, wadda ta fito a 2006 kuma kyauta ce, da Mendeley. In aka ba Zotero lambar DOI ta wata maƙala, sai ta ɗauko sunan marubuci da shekara da shafi daga intanet, ta jera su cikin tsarin da aka zaɓa. In mujalla ta ƙi aikin, aka nufi wata, cikin ɗan lokaci kaɗan za ta juya jerin duka zuwa sabon tsari.

Sai dai fa abin da aka ba manhaja shi take mayarwa, kuma a nan ne littattafan Hausa suke shan wuya. Magana Jari Ce, wanda aka fara bugawa a 1937, ba shi da DOI, sai marubuci ya shigar da bayaninsa da kansa. In ɗakin karatu ya rubuta Alhaji Abubakar Imam, manhajar takan ɗauki Alhaji a matsayin suna, ta fitar da Imam, A. A. Haruffa masu lanƙwasa kuwa, ƙ da ɗ da ɓ, sukan miƙe ko su rikiɗe su zama alamar tambaya.

Mafi haɗari shi ne neman manazarta daga ChatGPT da makamantansa, domin sukan ƙago littafin da ba a taɓa rubutawa ba, da shekararsa da shafinsa. Edita in ya kama ɗaya, sauran ma ba zai yarda da su ba. Lalle ne marubuci ya buɗe kowace madogara ya gan ta da idonsa, ya gwada shekara da shafi, sa'an nan ya aika wa mujalla.